Kalmar da Na Faɗa a Zauren Mai Ɗori

A shekarar da aka canza takardun naira, mutane suna wuni a ƙofar banki su koma gida hannu wofi, a shekarar ce bulo ya karya mini ƙafa a Kabo.

Na taso daga Getso zan kai wa wani aminina littafin addu'o'i da na kwafa masa da hannuna. Na sauka daga mota na bi gefen titi. Ana gina shaguna hawa biyu dab da hanya, leburori suna cilla wa juna bulo daga ƙasa zuwa sama. Ba a kewaye wurin da komai ba, ba kuma wanda ya ce a kauce. Na sama ya kuskure guda ɗaya, ya sauka a ƙwaurina.

Aka kai ni gidan mai ɗori. Kafin la'asar mai ginin ya zo, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, tare da limamin unguwarsu da dattawa biyu. Ya durƙusa yana ta ba da haƙuri, idonsa ya yi ja. A wurinmu idan babban mutum ya zo maka haka, an san abin da ake jira ka faɗa. Ni kuma na shekara talatin ina gaya wa mutane ladan haƙuri. Ana cikin jan ƙafar, na ce, "Ƙaddara ce, Alhaji. Na yafe duniya da lahira."

Liman ya sa albarka, aka shafa. Alhaji ya biya mai ɗori, ya aiko da buhun gero gida.

Wata uku ƙafar ba ta ɗauke ni ba. Da aka ɗauki hoto a asibiti a Gwarzo, likita ya ce ƙashin ya haɗe a karkace, sai an yi aiki a Kano an sa ƙarfe. Kuɗin da ya ambata, ba ni da abin da zai kai shi sai gonata, wadda muke ci daga cikinta.

Damina ta sauka ina ɗaki. Ina jin mutane suna wucewa da garma, ina salla a zaune, alwala ma sai uwargida ta kawo buta da kwano. Tun daga gado har bakin ƙofa taku biyar ne, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan ƙanwata lauya ne a Kano. Ya zo dubiya ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce hanya ta kowa ce. Wanda ya yi gini a bakinta wajibi ne ya kare masu wucewa, in bai yi ba aka ji rauni, kotu za ta iya sa shi biyan magani da asarar noma. Ya ce akwai shaidu, kuma maganar da mutum ya yi ana jan karayarsa ba lalle ta rufe ƙofa ba. Amma ya gargaɗe ni cewa ƙara tana da wa'adi, ba za a jira ni har abada ba.

"Kawu, sa hannu kawai nake so."

Na ce masa na riga na yafe, Wanda na yi dominsa ya ji ni, liman ma ya ji.

"To Kawu, liman ne zai yi maka huɗa?"

Uwargida ta yi dariya daga tsakar gida, ni ban yi ba. Na karanta abin da malamai suka ce game da wanda ya yafe rauni bai san iyakarsa ba, na san akwai sauƙi. Amma yaya zan shiga masallacin Juma'a a ce ga malamin da ya yafe da baki ya karɓa da kotu? Har na sa aka fara neman mai sayen gona.

Da mai saye ya zo ya taya, sai na kasa sallamawa. Na ɗauki alƙalami na rubuta wa Alhaji wasiƙa da ajami, don na san yana karantawa. Ban roƙi komai ba, ban ambaci lauya ba. Na faɗa masa halin ƙafar da halin gonar kawai.

Kwana biyu sai ga shi da liman. Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya ce, "Malam, kai ka ɗaure ni. Tun ranar na ware kuɗi. Sau biyu ina zuwa bakin garin nan ina juyawa. Na ji tsoron in kawo ka ce na zo sayen ladanka."

Ashe wata biyar muna zaune a ɗaure, kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa.

Liman ya ce kuskuren an yafe shi, ya tsaya a yafe, amma gyara abin da aka ɓata hakki ne daban. Na amsa a gabansa. Ɗan ƙanwata ya zo ya rubuta yarjejeniya, aka sa hannu, ba a je kotu ba.

An yi aikin bayan girbi. Ƙafar ta ɗan gajarce, har yau da sanda nake tafiya, noman shekarar kuma ya wuce ni. Ranar da aka sallame ni, Alhaji ya biya kuɗin ƙarshe da kansa, ya zo ya tsaya a bakin gado.

"Malam, saura wani abu tsakaninmu?"

Na ce babu. Ya riƙe mini kafaɗa har bakin mota.