Wutar Gidan Su Toka

Kakan Toka ne ya haƙa ramin gashin nama a bayan wani shago mai ƙofa ɗaya, tun unguwarmu ba ta da kwalta. Shi ya kafa dokar gidan: wutar ramin ba ta mutuwa, kuma jinin gidan kaɗai ke taɓa ta. In an tashi aiki a binne garwashi cikin toka, da safe a tono a hura. Ashana ba ta shiga ɗakin da ramin yake. Mutane na zuwa daga nesa su ci naman wutar kaka, suna rantsuwa ɗanɗanonsa daban ne. Ni maƙwabciyarsu ce, na daɗe ina ci. Nama ne mai daɗi, iyakar abin da zan ce ke nan.

Kakan ya bar wa ɗansa ramin, ɗan ya bar wa Toka, wanda ya samu sunan don tun yana yaro girarsa fara ce fat. Direban babbar mota ya so zama. Da ƙafar ubansa ta fara kumburi aka cire shi daga makaranta, tunda shi ne babba. Ƙannensa biyu suka yi karatu suka tafi. Shi bai taɓa kwana a wani gari ba. Bikin 'yarsa ma da rana ya je, ya juyo tun ana rabon abinci, surukai suna tsokanarsa wai ya tafi ba jaririya nono.

Ɗakin gashin ƙarami ne, bangonsa baƙi ƙirin, maiƙo na ɗiga daga ƙugiyoyi. Taga ɗaya ce, ita ma a rufe, don iska tana cinye itace. Yana haura hamsin tari ya kama shi, irin wanda sai ya dafa bango. Likita ya ce ko ya bar hayaƙi ko hayaƙi ya gama da shi.

Ya kira ƙannensa a waya. Suka ce, "Yaya, ka daure mana, sunan gidanmu ne." Ɗansa mai gyaran wayoyi ya ce shi ko warin ɗakin ba ya so a rigarsa. Uwarsa, da muke kira Inna, ta ce maganar rufe shago ba za a yi ta tana numfashi ba.

Sai wata rana ya tashi aiki bai binne garwashin ba. A lissafinsa, in wutar ta mutu, babu sauran abin da za a tsare shi dominsa.

Washegari ina tsakar gida ina taya Inna yanka albasa ya fito daga ɗakin, hannunsa duk toka mai sanyi. Ya durƙusa gabanta.

"Inna, wuta ta mutu."

Ba ta ajiye wuƙar ba. "Da kanta?"

Sai ta nuna da bakin wuƙar.

"Ɗaga tukunyar can ta kan shirayi, akwai ashana a ƙarƙashi."

"Ashana, Inna?"

"To da me kake so ka kunna, da gemunka? A hannun ubanka sau nawa ta mutu? Mutumin da barci ke ɗauka a tsaye. Kakanka ma ruwan sama ya taɓa cika masa ramin, har kwaɗi suka shiga."

"Amma ba wanda ya taɓa gaya mini."

"In an gaya maka, da ka zauna?"

Ya dube ni. Ni ma ban sani ba, amma ban ce komai ba, don ba gidana ba ne.

"Inna, likita ya ce ƙirjina..."

"Na ji abin da ya ce. Ubanka ma ya yi tari. Tashi, an kawo nama tun ɗazu, ƙuda na bi."

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya je ya ɗaga tukunyar. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika tsakar gidan kafin wutar ta kama.

Da azahar wani dattijo da ke zuwa tun zamanin ubansa ya zauna a bencin ƙofa, ya ci, ya lashe yatsu.

"Toka, duk garin nan ba wutar da ta kai ta kakanka. Kada ka bari ta mutu."

Toka ya ce to, ya koma ciki ya ja ƙofar. Daga inda nake ina jin tarinsa.