Saratu da "Ba Komi" Ɗinta

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar ƙanwata Saratu, kuma har yau idan na ji mace ta ce "ba komi", sai gabana ya faɗi.

Duk wanda ya ci kasuwar Tsafe a wancan zamanin ya san ta. In bai riƙe fuskarta ba, ya riƙe muryarta. Daddawar mahaifiyarmu take kaiwa talla daga garinmu Kucheri, kuma ba a taɓa yi mata tayin wulaƙanci an kwashe lafiya ba. Ni ce babba, amma ita ce mai bakin gidan. Da ta yi aure ma katanga ba ta tare komai ba, daga tsakar gidanta take yi wa maƙwabta labari har da dariyarsa. Mahaifinmu yakan ce sayen rediyo a gidanmu asara ce.

Cikinta na fari ta dawo gida goyon ciki, ni kuma na baro Gusau inda nake koyarwa a firamare don in zauna da ita. Lokacin kaka ne, maza duk suna gona wajen yankan gero. Da hantsi ta haihu, babu wanda ya ji ko nishinta. Mata suka cika gidan suna yaba ta, jaruma, mai kunya, ɗiyar gidan mutunci. Haka aka raine mu: mace ba ta ƙara a kan gwiwa, ba ta kuma bayyana abin da ke fita daga jikinta a gaban manya. Aka yi wa jaririya wanka, aka ɗora ruwan zafi. Kowa ya leƙa ɗakin ya ce, "Saratu, ya jiki?" sai ta yi murmushi ta ce, "Ba komi." Zane ya jiƙe, ta jawo wani ta rufa a kai. Ungozomar garin, tsohuwa mai kirki, ta ce jinin biƙi ne, gara ya fita, kuma iyakar saninmu ke nan mu duka. Kafin azahar leɓunanta sun yi fari fat. An samu mota, amma ba mu kai Tsafe da ranta ba.

Na daɗe ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Macen da za ta tara unguwa saboda akuya ta ci mata dusa, amma ranar da kalma ɗaya za ta iya tsirar da ita sai ta haɗiye. Sai da shekaru suka ja haushin ya koma tausayi. Ba ita ta ƙirƙiro wannan shirun ba, gadonsa ta yi, kamar yadda na gada.

Jaririyar, Husna, a hannuna ta tashi, Inna take ce mini. Ta ɗebo fuskar uwarta kaf, ta bar bakin. Yarinya ce da za ta taka ƙaya ta je makaranta ta dawo ba ta faɗa wa kowa ba. Sai ga ni, malamar da ke wuni tana ce wa 'yan aji su yi shiru, na dawo gida ina roƙon a yi mini ƙorafi. Da aka kai ta ɗakin miji a Bungudu, ciki ya bayyana, sai barci ya ƙaurace mini. Abin da nake tsoro ɗaya ne: kada ta yi mini irin ta uwarta.

Na ajiye kunyar surukuta na tare a gidanta, duk ranar awo muna tare. A can na san Malama Jummai, ungozomar asibitin, mace mai fara'a da saurin hannu. Da na ba ta labarin Saratu ba ta yi mini dogon jawabi ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko wata leda ta warware. Shimfiɗa ce da ake sa wa mai jego da zarar ta haihu, ƙasanta kamar mazurari, da layuka a jiki. Ta ce ido ba ya iya auna jini, zane kuwa shanye shi yake yi, amma a nan duk abin da ya fita yana taruwa, in ya kai layi ba a jiran a tambayi kowa.

Na ce a ina ta samo wannan dabara? Ta nuna mini wayarta. Ashe suna da zaure a cikinta, ungozomomi daga nan gida da wasu ƙasashe, suna kallon darasi tare, suna aika saƙon murya. Wadda ta gamu da haihuwa mai wuya takan ba da labarin yadda aka yi, ba tare da sunan mai jegon ba, sauran su ɗauki darasi. Ta ce wata daga ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa ba ta taɓa kuka da cewa matansu ba sa faɗar ciwo. "Hajiya," in ji ta, "ashe kowace ƙasa da irin 'ba komi' ɗinta."

Nakan zauna in yi tunanin abin da Saratu za ta ce da ta ga wannan zamani. Na san za ta fara da tsiya: "Yanzu har leda taz zama likita?" Daga nan za ta ƙwace wayar, kuma na tausaya wa mutanen wancan zauren, don babu wanda zai sake samun fili. Amma za ta tambaye ni matan Kucheri da ƙauyukan bayanta, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu, inda yanzu ake shakkar hanya ko da rana tsaka. Wace leda ta isa gare su? A nan ba ni da amsar da za ta gamsar da ita, kuma Saratu ba ta karɓar amsar jeka-na-yi-ka.

Husna ta haihu da safe, shiru kamar uwarta. Aka shimfiɗa ledar, Malama Jummai ta juya tana share jaririya. Ni kuwa na kafa wa layukan nan ido, bakina yana addu'a. Sai na ji an kama mini hannu.

"Inna, kira Malama. Ina ganin duhu-duhu."

Ban taɓa jin magana mai daɗinta ba. Na ƙwala kira, kafin in rufe baki Malama Jummai ta duba leda, ta ɗaga murya, abokan aikinta suka shigo. Wannan tana murza ciki, waccan tana allura, wata ta rataya ƙarin ruwa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san da la'asar Husna ta tashi zaune ta nemi kunu.

Tana sha ta dube ni a kaikaice ta ce, "Inna, na ba ki kunya ko? Mama an ce ko uffan ba ta ce ba."

Na ce, "Ɗiyata, wagga kunyar nike jira tun ranar da anka haife ki." Sai kuka ya ƙwace mini, a gaban mutane, ban kuma ɓoye shi ba.

Saratu ba ta bar gida ko gona ba. Hoto ma ɗaya ne, ya dushe. Na yi zaton muryarta ta bi ta kabari, sai ranar suna aka raɗa wa jaririyar sunanta, muna kiranta Ummi. Yarinyar nan in ta tsala kuka har gida na uku ake ji. Maƙwabta sukan leƙo suna dariya su ce, "Hajiya, a rarrashe ta mana ta yi shiru."

Ina rarrashinta, ina jijjiga ta, ina yi mata waƙa. Amma kalmar "yi shiru" ba za ta ji ta daga bakina ba. Allah ya jiƙan mai sunan, ita kuma wannan a bar ta ta faɗi abin da ke damunta.