Barakatu Mai Hayaƙi da Ƙafar Mamman

Duk wanda ya zauna Ɗansoshiya a shekarun tamanin ya san Barakatu mai hayaƙi. 'Yar siririya ce, ga tambaya kamar alƙali. Tun tana yarinya ba a ba ta abu ta karɓa ta yi shiru. Sai ta ji me ya sa daddawa ke wari amma miya ta yi daɗi, me ya sa kaza ba ta fitsari. Kakarta, wadda ta koya mata sana'a, takan ce, "Ke dai da tambaya tuwo ce, da kin fi kowa ƙiba a garin nan."

Sana'ar kuwa turara gyambo ce. A bayan ɗakinta akwai rami, zurfin kamu ɗaya. Ta zuba garwashi, ta barbaɗa sassaƙen hano da garin bagaruwa, mai ciwo ya ɗora ƙafa a kan sanduna biyu, ta lulluɓe da tsohon bargo, hayaƙi ya yi ta bugun ciwon har ya tsane. Ba ta tambayar namiji ko ya ji zafi, don ta san halinsu: gara ya gasu da ya ce wash a gaban mace. Ƙwaurinsa take riƙewa. Da ta ji naman ya zabura a hannunta, ta san wuta ta kai, sai ta ɗage. Shekara ashirin tana haka ba ta ƙona kowa ba, kuma ba ta gajiya da faɗa.

Gab da daminar 1991 ƙanenta Mamman ya shigo yana ɗingishi. Manomi ne mai garmar shanu, ƙafarsa ita ke ciyar da gidansa. Kututturen dawa ne ya soke shi a tafin ƙafa, wai bai ma sani ba sai da matarsa Habiba ta ga jini a takalminsa. Wata biyu ciwon ya ƙi rufewa. Ga shi ya rame, yana shan ruwa kamar raƙumi. Habiba ma ta raɗa mata cewa tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari. Abin ya ɗaure wa Barakatu kai. Me tururuwa ke nema a fitsari? Ta tambayi wanzami, ta tambayi ungozoma, ba wanda ya sani.

Da hantsi ta haɗa wuta, ta riƙe ƙwaurinsa, ta jira. Shiru.

"Mamman, ba ka ji komai ba?"

"Ko kaɗan, Yaya. Ko wutar taki ta mutu ne?"

Ranta ya ɗan sosu, ta ƙara garwashi. Ƙwaurin bai motsa ba. Ta sake ƙarawa. Suna cikin hirar irin da zai shuka bana sai ta ji ƙauri, ba na hano ba. Ta fizge bargon. Tafin ya tashi, yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Mamman ya tsaya yana kallon ƙafar kamar ta wani ce.

Acaɓa ya kai su Ƙiru, mota ta kai su asibiti a Kano. Likita ya ce ciwon suga ne, shi ke kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka wuta bai sani ba. Ashe suga tururuwa ke bi. Kuma ashe hannun da take taƙama da shi jiran saƙo yake daga ƙafar da ta daina magana.

Mako biyu ana wanke ciwon, ana fatan a tsira da ƙafar. Tsoro da kunya sun cika ta, amma bakin bai mutu ba. Wani ma'aikacin jinya, Surajo, shi ya sha tambaya. Ta nuna wata doguwar tukunyar ƙarfe a gefen gadon wani tsoho.

"Ɗan nan, mene ne a ciki?"

"Iskar numfashi ce, Inna."

"Ikon Allah. Iska ma ana ɗura ta a tukunya? To me zai hana a busa wa gyambo, tunda ita babu wuta?"

Surajo ya yi dariya, sannan ya nutsu. Ya ce ya taɓa jin a ƙasashen waje akan sa masu irin ciwon nan a wani ɗaki na musamman su shaƙi iskar, amma shi bai taɓa gani ba. Abin da ya iya nuna mata shi ne a sa mutum ya rufe ido, a taɓa tafin ƙafarsa da tsinken tsintsiya, a ga ko zai ji. Har ta tsufa ba ta sake haɗa wa kowa wuta ba sai ya ce ya ji tsinken. Wanda bai ji ba, sai ta kora shi asibiti, ko zai yi fushi.

Ƙafar Mamman kam ba ta tsira duka ba. An yanke rabinta daga gaba.

Suka dawo ruwa ya sauka, kowa na huɗa, shanunsa na ɗaure a turke. Kwana uku Barakatu takan zo gidan ta tsaya a tsakar gida, ta kasa haɗa ido da shi. Rana ta huɗu Habiba ta kawo ruwan ɗumi za ta wanke masa ƙafar, ya ɗaga mata hannu ta dakata.

"Yaya, shigo ki ji mini ruwan nan. Ni ban yarda da hannun kowa ba sai naki."

Ta shiga, ta durƙusa, ta tsoma hannu a kwanon. Ta daɗe a haka, hawaye na zuba.

"Ya yi zafi," in ji ta. "Habiba, ƙaro na sanyi."