Bijimin Gobe

Bayan farin nan da ya cinye dabbobi, shanu huɗu suka rage wa Baba a ƙauyenmu da ke bayan Mabai. Uku mata ne, na huɗun wani ɗan maraƙi gajere mai guntayen ƙaho, wanda ko a kasuwar Ƙanƙara ba mai tsayawa ya taya shi. Uwarsa ta mutu, shi ya rayu, don ba ya zaɓen abinci. Ganyen sabara, ɓawon itace, har ƙayar aduwa, duk ci yake. Na taɓa ganinsa ya ɗora ƙafafun gaba a jikin gawo yana miƙa wuya kamar akuya.

Daga nan Baba ya sami abin hira. In an idar da la'asar sai ya zauna kusa da turke yana fasalta mana dabbobin da jikokin jikokinmu za su kiwata. Wai ruwan sama zai yi ta janyewa, shanu za su ƙanƙance, tozo ya ƙara girma don ajiyar kitse, ƙaho ya gajarce tunda shi ma abinci yake ci. Leɓensu zai tsage irin na raƙumi don tsintar ganye a tsakanin ƙaya. Akuya kuwa kofatonta zai buɗe har ta riƙa kwana bisa itace. Wannan maraƙin, in ji shi, shi ne kakan shanun gobe, kuma jira yake ya isa ya bar shi ya hau matan.

Ni a lokacin na fito daga kwalejin horon malamai, an ba ni aji a Faskari, an ƙara mana albashi, na sayi babur. Kaina ya yi girma, ba na musu. Na ce wa Baba a littafi mun karanta cewa irin wannan canji sai an yi dubban shekaru, kuma don sa ya miƙa wuya ba ya sa ɗansa ya zo da dogon wuya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi bai ce miƙa wuya ke yi ba. Abin da ya gani da idonsa shi ne wanda ya mutu ba ya haihuwa, wanda ya rage shi ke barin iri. Allah ke halitta, amma ya bar wa makiyayi zaɓe. Sai da na tsufa na gane cewa abin da littafin ke faɗa ke nan, ni ne na haddace ban fahimta ba.

Shekarar da Baba ya tafi aikin hajji, ya bar gidan a hannuna. Na samo wani ƙaton bijimi ruwa biyu, jinin shanun Turai, fari sol, wanda yara ke bi suna kallo. Don kada gajeren ya ɓata mini iri, na ɗauko malamin dabbobi a bayan babur, ya zo da ƙarfensa ya dandaƙe shi. Ko minti goma ba a yi ba. Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce in jira mai shi ya dawo, na ce mata ai abin alheri nake yi masa.

Da Baba ya dawo, tun bai gama gaisawa da masu taryarsa ba ya nufi turke. Ya dubi farin, ya wuce. Ya shafa gajeren, ya sunkuya ya duba, ya miƙe. Daga ranar ban sake jin hirar dabbobin gobe a bakinsa ba. Na fi son da ya zage ni.

Farin bijimin ya ba mu maruƙa kyawawa, na yi ta yi wa abokaina burga. Amma shi sai dusa, sai inuwa, sai allura, kaska kaɗan ta kwantar da shi. Da damina ta sake yin gardama bayan wasu shekaru, shi ya fara faɗuwa, 'ya'yansa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na zo gida wata Juma'a na tarar da turke wayam, sai gajeren kaɗai, ya zama san huɗa, yana tsaye yana tauna reshen sabara da Baba ya riƙe masa.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ni na yahe maka tun rannan," in ji shi, bai ko juyo ba. "Shi za ka roƙa. Shi ka raba da ɗiya."

San ya ƙara shekara biyar yana jan garma, ya mutu bai bar ko maraƙi ɗaya ba. Har yau in na shiga kasuwar shanu, gajerun nake bi ina dubawa, dillalai suna zaton saye zan yi.