Dokta Isiyaku da Babin da Ya Saɓa wa Malaminsa

Ina tsaye a kan ma'aikata a maɗaba'ata da ke Madina, ana ɗinke littattafan addu'o'in alhazai, sai wayar tarho ta yi ƙara. Usama ne, babban ɗan Dokta Isiyaku. Yaron da ko da Hausa ka yi masa magana da Larabci yake amsawa, ranar da Hausa ya ce mini, "Baffa, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sa aka kashe injuna, muka nufi gidansa a unguwar Ƙiblatain. Bayan la'asar aka sallace shi a Harami, muka raka shi maƙabartar Baƙi'a.

Ni ba malami ba ne. Sakandare kawai na yi a gida Najeriya, na zo Madina da jaka ɗaya, na fara da keken rubutu a wani lungu kusa da Harami. Yau duk wanda ya san harkar ɗab'i a garin nan ya san ƙofata, kuma ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Na faɗi haka ne don a san ba kowa nake yi wa shaida ba.

A wancan lungun muka haɗu, don ni kaɗai ke da keke mai haruffan boko a layin. Yana koyarwa a jami'a, ya haura arba'in, ya ƙoshi da Larabci, sai ya ɗauko digirin dokta a wata jami'a ta Ingila, a kan tarihin mutanenmu da suka zo hajji a ƙasa suka zauna a Hijaz. Da Turanci za a rubuta, Turancinsa kuwa a lokacin na gaisuwa ne. Bai ji nauyin kowa ba. Ya riƙa zama gaban ɗalibansa da suka yi boko suna gyara masa jimla. Yakan ce, "Da safe ni ne malaminsu, da yamma su ne nawa, ba wanda ya cuci wani."

Ni na buga masa babin farko. Ya tsara shi yadda aka tarbiyyantar da shi: wane ya ce, wane ya ruwaito, ya rufe da Allah ne mafi sani. Baturen da ke duba aikin ya maido shi da jan biro, ƙarshen bayaninsa shi ne, an ji abin da manya suka ce, shi me ya ce? Dokta ya yi dariya ya ce mini, "Abu Maryam, tun ina yaro ake koya mini in ɓuya a bayan malamai, yau an ce in fito fili."

Ya fito ɗin, a nan ne wuya ta zo. Malaminsa, Shaihi Abdulƙadir, wanda ya riƙe shi tun zuwansa har ya aura masa 'yarsa, ya daɗe yana karantar da cewa gudun Turawa ne ya kawo kakannin mutanenmu na Hijaz duka. Dokta ya bi tsofaffi gida gida da rakoda, ya gano gidaje da yawa sun taso tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma guzuri ne ya ƙare musu suka kama sana'a. Ƙa'idar aikin ita ce ka ambaci mai maganar da sunansa, ka ce ya yi kuskure, ka kawo hujja. A wurinmu ɗalibi ba ya rubuta wannan. In ya cire babin, kundin ba shi da sabon abu, ya faɗi. In ya bar shi, yana iya rasa malami da suruki a rana ɗaya.

Na ce masa, "Ustaz, Shaihi ba ya karanta Turanci. In buga, wa zai gaya masa?" Shawarar ɗan kasuwa ce, kuma har yau ban ga laifinta ba. Ya ce, "Abin da ba zan iya faɗa a gabansa ba, ba zan ɓoye shi a cikin Turanci ba."

A motata na kai shi unguwar Khalidiyya, gidan Shaihi. Ya zauna a ƙasa, ya riƙa karanta babin yana fassarawa, bai tsallake ko layi ba. Shayi ya huce a gabanmu ba wanda ya taɓa. Da ya gama, Shaihi ya ce, "Su wa ka tambaya?"

Ya lissafa.

"Tsohuwar nan 'yar Cadi ta bayan kasuwa fa?"

"Allah gafarta Malam, ban je ba."

"To da sauranka. Kakanta ya riga duk waɗanda ka ambata zuwa. Je ka same ta. In za ka kayar da ni, ka kayar da ni da kyau." Muna shirin tashi ya ƙara da cewa, "Sunana kuma a rubuta shi cikakke, kada Turawa su zaci ƙaramin malami ka samu."

Ya tafi Ingila, ya zauna gaban masu jarrabawa, ya kare kundinsa da Turancin da ya koya da furfura a gemu, ya ci. Ranar walima, gaban jama'a, Shaihi ne ya fara kiransa Dokta, kuma ya miƙe tsaye kafin ya faɗa. Daga nan ɗalibanmu suka yi ta bin ƙofarsa, da yawansu yau suna riƙe da sassa a jami'o'in gida.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo maka, maƙwabcin Manzonka a raye da mace. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa iliminsa ya riƙa binsa da lada. Ka ba matarsa Hajiya haƙuri, ka shirya Usama da ƙannensa, ka zama gatansu. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.