Tsagar kumatun kakana

Inna, kakata, ta kai wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini.

"Wannan ba Malam ba ne. Ina tsagar kumatunsa?"

Hoton marigayi mijinta ne, shi kaɗai muke da shi. An ɗauke shi a Dutsin-Ma tun babana yana goye. Ƙanwar Malam da ke Ɗantutture ce ta roƙi a tura mata. Yayata ta ɗauka da waya, ya bi wayoyi uku kafin ya zo tawa, fuskar ta koma sumul. Inna ta ce ba za a kai wa tsohuwa baƙon mutum ba.

Na kai asalin hoton shagon Anti Rifkatu mai kwamfuta. Ban iya magana a gaban mutane ba, sai na ajiye shi kawai a teburinta.

"Ke, hoton ne zai yi mini bayani?" ta ce tana dariya.

Da ƙyar na faɗa mata. Ta sa shi a na'ura.

"Hoton da ke wayarki nau'in JPEG ne, ba shi da nauyi, amma duk sake ajiyewa sai ya zubar da ƙananan layuka. Nau'in PNG zan yi miki, shi ba ya zubarwa. Ki tura shi a matsayin fayil."

Ta sa mini sabon a waya. A gida Inna ta ɗora yatsa a wayar, ta ƙirga tsaga uku a kowane kunci.

"To, tura mata."

Ban san hoto ma yana ƙarewa wajen yawo ba. Ku yaya kuke adana na tsofaffinku?