Idanun da Aka Sa wa Doguwa

Ƙarfe bakwai na safe, mu huɗu ne a lambun da ke gaban bariki a Dogon Dutsi: sabon kumandan, wato Baturen mulki, da tafintansa, da yayana magini, da ni mai ban ruwa. Lambun nan ne mutane ke hutawa ran kasuwa. Akwai gumaka uku na siminti a cikinsa, waɗanda wani tsohon maginin Matankari ya yi bisa umarnin kumandan na farko: dodon ruwa, da kura mai ƙafafun mutum, da doguwa, aljanar nan ta bori. Damina ta cinye su, aka kira yayana ya gyara.

Da farko ya mayar wa dodo wutsiya. Sannan ya ɗora wa kura kunne. Doguwa kuwa ya liƙe tsagar wuyanta, ya shafe ta da farar ƙasa, ya tsaya.

Kumandan ya nuna fuskarta da sanda, ya yi magana. Tafinta ya ce, "Wai ina idanun?"

Yayana ya ce, "Ranka ya daɗe, ba faɗuwa suka yi ba. Mai ginin bai sa ba. Ba a buɗe mata ido. Wanda ya buɗe, shi za ta fara gani."

Tafinta ya yi dariya. "Malam magini, ta siminti ce fa. Ko tsoro kake ta ce tana son ka?"

Yayana ya ce, "Kai ka sa mata mana, ga cokalin gini."

Tafinta bai karɓa ba, bai kuma fassara wannan ba. Abin da ya dawo mana da shi daga bakin kumandan gajere ne: ko idanu kafin azahar, ko gidan kaso.

Na ja yayana gefe. Na ce, "Yaya, iyalinka fa." Ya ce, "Su nake tunani, ta kowane gefe." Daga baya ya tsinto tsakuwa biyu baƙaƙe, ya kwaɓa siminti, ya manna su yana kau da kai.

Ga abin da ya biyo baya, bi da bi. Mata masu fura suka bar zama a lambun. Masu bori suka daina amsa gaisuwar yayana. Sannan aiki ya yanke: ba wanda ya yarda hannun da doguwa ta fara gani ya taɓa masa ɗaki ko rumbu. Bai yi ciwo ba, bai haukace ba, kuma ba wanda ya zage shi. Kiransa kawai aka daina. Kafin damina ta zagayo ya kwashe iyalinsa zuwa Ɗan Kassari, ya koma noman gero, bai sake riƙe cokalin gini ba har ya rasu.

Ni na ci gaba da ban ruwa a ƙarƙashin idanun nan, har ruwan sama ya ɓamɓare su da kansa.

Na ji ana maganar sake gyaran tsofaffin abubuwa. Mai karatu, in gunkin nan yana nan kuma aikin ya faɗo hannunka, ka liƙe tsaga, ka shafa farar ƙasa, amma ina roƙonka kada ka sa kowa ya mayar mata da ido.